Dogayen Fuka-fukan Si Bujuma

Duk wanda ya taɓa zama a layin maƙeran fitilu na tsohon birnin Marrakush ya san Si Bujuma. In bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa, don tun daga bakin kasuwa ake jiyo ta. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ga gashin baki kamar an liƙa masa burushi. Fitilu da bokitai yake ƙerawa kamar kowa a layinmu, amma kada ka kuskura ka kira shi maƙeri. Shi injiniya ne. Dalili kuwa, a samartakarsa ya taɓa yin 'yan watanni a wata tashar lantarki can bakin teku, yana kai wa injiniyoyi shayi.

A can ne wata rana aka buɗe cikin babban injin tururi ana gyara, Bujuma ya shigo da farantin shayi ya tsaya baki sake. Ya ga fuka-fukan ƙarfe jere a jikin wani gungume, na farko 'yan gajeru, suna ta ƙara tsawo har na ƙarshe sun fi shi tsayi. Wani injiniya da shayin ya yi masa daɗi ya ce masa, in tururi ya zo ƙarshe ya riga ya gaji ya baje, shi ya sa ake tsawaita fuka-fukan ƙarshe don su tatse ɗan ƙarfin da ya rage. Injiniyan ya shanye shayinsa ya manta. Bujuma kuwa ya riƙe maganar nan shekara da shekaru yana ƙara mata gishiri, har ta kai in ka ji shi yana bayarwa, shi ne ya zaunar da injiniyan ya koya masa.

Da sai dai mu yi ta shan labari muna dariya, ba don Alhaji Tuhami ya ce ya gaji ba. Shi ne Lamin, wato shugaban maƙeran layin, mai raba gardama da duba ingancin aiki. Ido ya yi masa rauni, ya ce a zaɓi wani ranar Juma'ar da maƙera ke fita lambu cin tanjiya, naman da ake dafawa a tulu cikin toka. Mutum biyu suka fito: Si Bujuma, da wani dogo siriri mai suna Si Allal, wanda ba ya yawan magana, amma in ya yi guda ɗaya sai ta kwana tana yi maka ƙaiƙayi.

Bujuma yana son kujerar nan kamar ransa. Ya hau kan benci a shagon mai shayi ya buga ƙirji.

"Ku zaɓi mai ƙera bokiti, ku tsufa kuna ƙera bokiti! Ni in na zama Lamin, kowace fitila a layin nan za ta kama da lantarkin da na haɗa da hannuna."

Si Allal ya kurɓi shayi. "Daga ina za ka ɗebo lantarkin, injiniya? Daga bakinka?"

"Daga gidan wankan unguwa! Tun zamanin kakanninmu tururi ke tashi sama a banza, ba wanda ya yi tunani. Dogayen fuka-fukai kawai yake jira."

"Mu gani a ƙasa," in ji Allal.

"Za ka gani ranar Juma'ar, kafin a ci tanjiya. In ƙwan lantarki bai kama ba, kujera taka ce."

Aka tafa, aka shaida.

Gwajin farko a madafin matarsa Lalla Zuhur aka yi shi. Ta ɗora kuskus, ta jiƙa tsumma da kwaɓin fulawa ta naɗe mahaɗar tukunya da madambaci yadda kowace mace ke yi don kada tururi ya tsere ta gefe. Bujuma ya laɓaɓo da 'yar farfela da ya yanka daga gwangwanin kifi, ya riƙe ta a saman tururin. Sai ga ta tana juyawa fir-fir-fir.

"Zuhur! Kin gani? Kin auri mutum!"

"Na gani. Matsa min, kana ɗigo min zufa a abinci."

Ya fita ya dawo da wata mai fuka-fukai tsawon tafin hannu. Ta juya, amma da nawa. Ya ce tururin ne bai kai gare ta ba, ya matsar da ita ƙasa, fiffike ɗaya ya nutse cikin kuskus ya watso masa shi a fuska, da zafinsa.

"Wayyo idona!"

"Idonka? Abincin rana fa?"

Ya share fuska yana tsince ƙwayoyi daga gashin baki. "Na gano matsalar. Gajeru ne."

Lalla Zuhur ta ɗauki ludayi, shi kuma ya tuna yana da aiki a shago.

Saura neman yardar mai murhun gidan wanka, Ba Mbarak, tsoho mai nauyin kunne da son gyangyaɗi. Murhun nan kowa ya san shi. Wuta ɗaya ce a ƙarƙashin gini, a hankali take ci, tana zafafa ƙaton kaskon ruwa, tana ɗumama daɓen da masu wanka ke zama a kai, a cikin tokarta kuma ake binne tulunan tanjiya na unguwa su yi ta dahuwa sannu-sannu. Ko yaro ya san wutar nan ba ta son a matsa mata. Bujuma ya sunkuya ya yi ihu a kunnen tsohon.

"Ba Mbarak, zan sa maka fanka a nan! Ta lantarki!"

Tsohon da ya shekara arba'in yana gasuwa ya buɗe ido. "Fanka? Mai juyawa da kanta?"

"Da kanta. Kuma za a riƙa kiran ka mataimakin injiniya."

"Yi yadda ka ga dama, ɗana. In ka gama ka tashe ni."

Da aka zo neman ƙarfen fuka-fukai, Bujuma ya duba ko'ina bai ga mai tsawon da yake so ba sai ƙofar shagonsa. Ya ɓalle ta, ya yanka ta tsaye-tsaye. Shago ya zauna wangale, kuliyoyin layin suka mai da shi masauki. Ya tuna fuka-fukan da ya gani a murɗe suke, don haka ya riƙa soka kowanne a tagar maƙwabci yana murɗawa, har tagar ta biyo shi. Ya kuma tuna an ɗaure su da waya kusa da baki don kada su yi rawa, sai ya hau soro ya kwance wayar shanyar Lalla Zuhur, ya bar mata wanki a ƙasa.

Si Allal kullum sai ya biyo ta wajen, hannu a baya, ya tsaya ya karkata kai.

"Sannu da aiki, injiniya. Ni ba sani na yi ba, amma kamar gajeru ne."

"Gajeru? Waɗannan?"

"To, ni dai na ji ka ce na tashar sun fi ka tsayi. Wannan ai ba wani abin a zo a gani ba ne, tunda jikana ma ya fi ka."

Bujuma ya ƙule. Ya farke bokitan da ya ƙera na sayarwa, ya ƙara wa kowane fiffike kamu ɗaya. Washegari Allal ya sake biyowa ya karkata kai, ya taɓe baki. Bujuma ya ƙara wani kamun, wannan karon da farantan shayin da Lalla Zuhur ta zo da su gidan aure. Kai, mutumin nan da za a bar shi, da fuka-fukansa sun taɓo hasumiyar masallaci.

Ranar ɗauka aka sha kallo. Ya haɗa farfelar gaba ɗaya a ƙofar shago, ya manta lungunanmu ko alfadari biyu ba sa wucewa tare. Aka ɗora ta a kan alfadari a tsaye, shi yana gaba yana ihun "Hanya! Hanya ga ilimi!" Fiffike ɗaya ya kwaso takalman da mai shago ya rataye, wani ya tuntsurar da kwandon na'ana'a, wani ya ɗaga wa mai burodi hula ya tafi da ita. Da aka zo ƙaramar ƙofar da ke kwanar lungu, abu ya cije, ba gaba ba baya. Alfadarin ya ga ba zai iya ba, ya zame ya yi tafiyarsa, ya bar farfela a maƙale ta toshe hanya. Masu zuwa masallaci suka riƙa rarrafawa ta ƙarƙashinta suna yi wa Bujuma addu'ar da ba a cewa amin.

Dole aka kwance ta aka bi da fuka-fukan ta saman soraye, inda maza ba su da hurumi. Mata suka yi ca.

"Wane mara kunya ne a soron mutane?"

"Injiniya ne, Lalla, ku kau da kai!"

"Mu kau da kai a gidanmu? Kawo min ruwan wankin nan!"

Ya sauko a farfajiyar murhu tsamo-tsamo yana warin sabulu, ya ce wa masu dariya ai duk babban aiki sai an sha wuya.

Ranar Juma'a da sassafe kowane maƙeri ya kawo tulun tanjiyarsa, cike da nama da man shanu da lemon da aka jiƙa a gishiri, an rufe baki da takarda an ɗaure. Ba Mbarak ya binne su a toka ya koma kan bencinsa. Bujuma ya zaɓi bayan sallar Juma'a don nuna aikinsa, saboda lokacin duk maza sun taru. Abin da bai saka a lissafi ba, daga azahar gidan wanka na mata ne, kuma ranar da maza za su fita lambu ita ce ranar da matansu ke samun sararin zuwa wanka gaba ɗayansu.

Farfajiya ta cika maƙil. Ga farfela a tsaye kamar wata dodanniya, an ɗaura mata sarƙar keke zuwa dainamon tsohuwar mota. Ga bututu ya fito daga murfin da Bujuma ya kifa a kan kaskon ruwa. Ga ƙwai ɗaya tak a cikin fitila mafi kyau da ya taɓa ƙerawa, an rataye ta daidai saman kujerar Alhaji Tuhami.

Bujuma ya gyara jallabiya. "Jama'a, ku kalli ƙwan nan da kyau. Wanda idonsa ba shi da ƙarfi ya rufe."

"Ni nawa a rufe yake tun bara," in ji Alhaji Tuhami. "Yi sauri, yunwa nake ji."

Ya murɗa famfo. Tururi ya fito fuuu, ya daki fuka-fukai. Farfela ta tsaya ƙiƙam, ko gezau. Wata tattabara ta sauko ta zauna a kan fiffike na sama tana gyara gashi.

"Tana tunani ne?" in ji Allal.

"Tururi ke tserewa ta gefen murfi! Ƙaramin abu ne."

Nan Bujuma ya tuna da dabarar kuskus. Ya ruga gida, ya yi sa'a Lalla Zuhur ba ta nan, bai kuma tsaya tambayar ina ta tafi ba. Ya kwaso buhun fulawa da zanin gado, ya kwaɓa, ya yayyaga, ya naɗe bakin kaskon nan kaf kamar madambaci. Maza suka gyaɗa kai, don kowa ya taɓa ganin uwarsa ta yi haka kuma tururi bai tsere ba.

"Yanzu wuta! A ƙara wuta!"

Ya zuba dussar katako. Ya zuba ƙwallon zaitun buhu guda. Ya jefa karyayyar kujera. Farfela ta yi ɗan ƙiiii ta koma ta tsaya. Ya ɗaga Ba Mbarak cak ya ajiye shi a ƙasa ya jefa bencinsa. Murhun da bai taɓa sanin gaggawa ba ya fara ruri, bangon yana ɗaukar zafi. Ƙamshin gasasshen burodi ya tashi daga bakin kasko, sai kuma ƙamshin nama.

"Allah Sarki, tanjiya ta nuna," wani ya faɗa yana haɗiyar yawu.

Can sai ƙamshin ya fara canja launi. Alhaji Tuhami ya ɗaga hanci. "Wannan kamar ƙauri nake ji."

"Ƙamshin ci gaba ne, Alhaji!"

Daidai nan aka fara jiyo hayaniya ta bayan bango, daga cikin gidan wanka. Ihu, da ƙarar bokitai, da tafin ƙafafu a kan daɓe kamar ana rawa. Bujuma ya ɗaga hannu sama, fuskarsa ta washe.

"Kun ji? Mata sun fara guɗa! Labari ya kai musu!"

Sai ga farfela ta motsa. Wallahi ta motsa, da idona na gani. Ta juya sau ɗaya da kyar, tattabara ta tashi, ta sake juyawa, ta ɗauki gudu. Sarƙa ta ja dainamo. Cikin fitila wani ɗan ja ya bayyana, bai fi garwashin taba ba.

"Ya kama! Ya kama! Allal, kira ni Lamin!"

Allal ya tsuke ido. "Ina? Wannan jan? Na ɗauka ƙwaro ne."

Amma dogayen fuka-fukan nan sun fara kuka, wuuu-wuuu, suna karkarwa tun daga gindi. Wayar shanya ta tsinke, tas! Burodin da ya toshe bakin kasko ya tsage, murfi ya yi sama da ƙara kamar an harba bindiga, tururi ya turnuƙe farfajiya. Farfela ta fara rabon kayanta. Fiffike ɗaya ya wuce ta saman kan Alhaji Tuhami ya tafi da fitila da hularsa. Ɗaya ya cake a ƙofar mai burodi yana rawa. Farantin auren Lalla Zuhur ya yi sama yana walƙiya, ya sauka can soron liman. Maƙera, manya masu gemu, duk suka kwanta rub da ciki. Si Allal da tsawonsa ya nutse cikin tarin dussa, ƙafafu kawai ake gani. Ɓawon burodi ya riƙa zubowa daga sama kamar ƙanƙara.

Ba Mbarak ya farka, ya ji iska ta kaɗa shi, ya yi murmushi. "Fankar ce? Kai, tana da ƙarfi."

Kafin wani ya ba shi amsa, ƙofar gidan wanka ta buɗe da ƙarfi. Lalla Haniya ce a gaba, uwargidan Alhaji Tuhami, jallabiya a juye, lakar wanke gashi tana gangaro mata a goshi, tana taka ƙasa da dunduniya kamar mai tafiya a kan ƙaya. Bayanta matan layin ne kaf, kowace da bokiti a hannu, kowace tana ɗingishi.

"Wane ɗan banzan ne ya mai da daɓe tanda? Muna zaune lafiya sai muka ji muna soyuwa! Ni da shekaruna, yau har tsalle na yi a kan bokiti!"

Hannaye dai suka tashi daga ƙasa, duk suka nuna wuri ɗaya.

Bujuma ya yi gyaran murya. "Lalla, a sha'anin ilimi, wani lokaci..."

"Bujuma."

Muryar ta fito daga bayan Lalla Haniya, a hankali. Lalla Zuhur ce. Ta dubi mijinta, ta dubi yagaggen zanin gadonta da ke lilo a bakin kasko, ta dubi buhun fulawarta, ta ɗaga kai ta hango farantinta a soron liman.

Alhaji Tuhami ya shafa sanƙonsa. "A tono tanjiya. In an ci abinci a yi magana."

Aka tono. Tulun farko da aka buɗe, hayaƙi ya fito. Aka kifa shi, wani baƙin dunƙule ya faɗo ƙwal, ya gangara. Na biyu haka, na uku ma ya fashe tun a toka. Naman da mutane suka zaɓo da kansu tun jiya, ga shi ya koma gawayin da za a iya dafa shayi da shi. Wani ƙato ya zauna a ƙasa ya rungume tulunsa, hawaye na zuba.

"To," in ji Alhaji Tuhami, "lambu dai ba zuwa. A yi zaɓen a nan. Wa ke son Si Bujuma?"

Hannu ɗaya ya tashi, na Bujuma. Lalla Zuhur ta kalle shi, hannun ya sauka ya koma sosa ƙeya.

Aka zaro Si Allal daga dussa ta ƙafa, aka karkaɗe shi, aka ce masa ya zama Lamin. Ya tofar da dussa ya buɗe baki zai yanke wa Bujuma hukunci, Lalla Haniya ta daka masa tsawa.

"Rufe min baki! Ai an ba ni labari, kai ne kullum kake zuga shi wai gajeru ne. Ku kuma duk kuna tsaye kuna kallo yana cusa benci a wuta, ba wanda ya ce matarsa na ciki. Kowannenku ya tsinci fiffike ɗaya ya bi matarsa gida. Ƙafafun nan sai an yi musu fifita har su huce. Har da kai, Alhaji."

Haka kuwa aka yi. Da la'asar ɗin nan, in ka bi layin maƙera, ba ka jin guduma ko ɗaya. Kowane gida sai ƙarar ƙarfe, fal-fal-fal, da muryar mace tana cewa a ƙara sauri.

A gidan Bujuma, Lalla Zuhur ta miƙe ƙafafu a kan matashi, an shafe su da lalle. Shi yana durƙushe da fiffike mafi tsawo, ciki na kuka, zufa na zuba, kujerar Lamin ta tafi har abada. Ya daɗe bai ce uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka ɗaura musu aure. Har ta fara jin tausayinsa.

Sai ya kasa kunne ya ji ƙarar da ke fitowa daga gidan Allal, fal-fal-fal. Gashin bakinsa ya motsa.

"Zuhur, kin ji? Ranarsa ta farko a kujera, da kayan da na ƙera yake aiki."

"Fifita, Bujuma."

Ya ci gaba da fifita. Can ya sake ɗagowa.

"Amma tsakani da Allah, iskar tana isarki?"

"Ba laifi."

"Ba laifi kawai?" Ya tsaya ya auna fiffiken da ido, daga gindi har baki, ya girgiza kai. "Na sani. Gajere ne."